Katantanwar Ƙarfe

Rana ta yi ja, ta sunkuya bayan katanga, lokacin da makaniken ya ɗaure notin ƙarshe. Duk unguwar Kunne ake ce masa, domin mota ko wucewa ta yi a titi zai gaya maka bawul ɗin da ke mata ciwo, kuma ba ya kuskure. Shi ma ya san ba ya kuskure, wannan ce babbar cutarsa.

Motar tana tsakar gidansa, baƙar jif mai kujerun fata, ta cinye wurin shanya da wurin hira gaba ɗaya. Bai yarda ya bar ta a gareji ba, wai kada yara su goge mata fenti. Mai ita wani matashi ne da arziki ya yi masa yawa, haƙuri ya yi masa kaɗan. Buƙatarsa ɗaya ce, kada wata mota ta sake wuce shi a hanya. Kunne ya canza mata fistin ya sa masu jure zafi, ya sa nozul na fesa mai masu faɗin baki, ya buɗe salansa, ya ƙara wani ɗan lagireto na sanyaya iska, ya sa aka sake wa kwamfutar motar lissafi. Amma zuciyar aikin duka ita ce tarbo, wani ƙarfe mai naɗi kamar katantanwa. Hayaƙin inji ke juya farfelar da ke cikinsa, ita kuma ta dinga ɗura wa injin iska da ƙarfin tsiya, har ya yi ƙarfin da ba a haife shi da shi ba.

Akwai sababbi a shago, amma Kunne ya ce na yanzu gwangwani ne. Ya tafi filin da ake zubar da matattun motoci, ya samo wata irin jif ɗin da ta shekara da shekaru a kwance ƙarƙashin wata bishiya, ciyawa ta fito ta tagoginta. Nan ya kwance tarbon. Kamar yadda maigidansa na koyon aiki ya koya masa, bai bar bakin ƙarfen a buɗe ko na numfashi ɗaya ba, domin ƙwayar yashi guda tana iya kashe tarbo. Yana cire bututu, yana cusa tsumma mai tsabta da bisimilla. Haka yake yi wa kowane noti da kowace kafa tun yana yaro, ba ma ya jin kansa yana faɗa. Da ya ɗaga ƙarfen ya ji ya fi yadda ya kamata nauyi, sai ya yi murmushi ya ce, ƙarfen da ke nan.

A yammacin nan matarsa tana kwashe kayan shanya daga igiyar da ta rage mata. Tsohuwar mahaifiyarsa tana kan tabarma tana jan carbi. 'Yarsa tilo, budurwa da ke shekarar ƙarshe a makaranta, ta fito da faranti da kofuna tana zuba labari. Rediyo suke ce mata, saboda tun da ta iya magana ba a taɓa samun wurin kashe ta ba.

"Maigida, ka bari sai da safe mana," in ji matar. "Magariba ta yi."

"Minti ɗaya. Murya kawai zan ji."

Ya murza makulli. Injin ya tashi da gurnani mai kauri, kofunan da ke kan farantin suka yi ta rawa. Ya ɗan taka totur. Daga ƙarƙashin gurnanin wani siririn fito ya taso, yana hawa, yana hawa, irin fiton da duk mai aikin tarbo ke jira. Kunne ya lumshe ido don daɗi. Shi ya sa bai ga lokacin da Rediyo ta tsaya a tsakiyar kalma ba. Ƙarar fashewar kofuna ce ta buɗe masa ido.

Tana tsaye, baki a buɗe, ƙirjinta yana sama da ƙasa da sauri kamar wadda aka biyo da gudu. Ya kashe motar ya fito. Numfashin ya sauka a hankali. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce da wata ƙaramar murya, "Akwai zafi a ciki." Aka tambaye ta a ina, ta ce ba ta ce komai ba.

Ana cikin haka wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi, ya gangaro, ya tsaya. Sai wani. Sai wani. Tsohuwar ta daina jan carbi.

Da safe Kunne ya hau tsani don ya ga duwatsun yaran unguwa. Ba duwatsu ya tarar ba. Notuna ne masu tsatsa, irin waɗanda suka daɗe a ƙasa, kuma da ya ɗauki ɗaya sai da ya sake shi, domin da zafi kamar yanzu aka ciro shi daga wuta. Ya sauko bai gaya wa kowa ba.

Tun daga ranar magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da zarar inuwa ta rufe tsakar gida sai jifan ya fara. Idan ya tsaya, sai a ji tafiya, a hankali, tana zagaya motar, tana komawa, tana sake zagayawa. Wani lokaci har da murya, ta mace, ƙasa-ƙasa, irin yadda uwa ke kiran yaron da ya ɓuya ya daɗe bai fito ba. Kyanwar gidan da ta saba kwana a kan bonet ta bar gidan ba ta dawo ba.

Abin da ya fi ci musu rai shi ne shirun Rediyo. Gidan da a da ake roƙonta ta yi shiru, yanzu ana roƙonta ta ce uffan. Takan zauna a gefen motar, ta ɗora tafin hannu a kan bonet, ta kara kunne, ta daɗe a haka. An kai ta asibiti, an auna ƙirji an auna jini, aka ce lafiyarta ƙalau.

Matar ce ta fara haɗa zaren. Ta lura duk sanda ya tayar da injin don gyara wani abu, ko yarinyar tana ɗaki can ciki, numfashinta sai ya bi ƙarar. Ya taka, ya hau. Ya saki, ya sauka.

"Motar nan ce, Maigida," ta ce masa. "Wallahi motar nan ce."

"Inji inji ne. Ƙarfe da mai da wuta. Ni na haɗa shi da hannuna, na san duk abin da ke ciki."

Tsohuwar ta ɗago kai. "Ka san abin da ka sa a ciki, ɗan nan. Ba ka san abin da ka tarar ba. Ruwa ba ya tsami banza."

Ya yi tsaki ya fita, amma maganar ta bi shi. Sai ya yi irin dabarar masu taurin kai, waɗanda ba za su ce an yi gaskiya ba amma za su yi aiki da ita a ɓoye. Ya ce a ransa, in motar ce, ai sai ta bar gidan, kowa ya huta. Ya kira mai ita ya ce aiki ya kammala. Matashin ya zo da la'asar sakaliya, ya shafa sitiyari, ya yi dariya, ya ja motarsa ya fita. Kunne ya rufe ƙofar gida yana jin kamar ya sauke kaya. Bai san matarsa ta riga ta aika a kira Malam, mai yi wa mutanen unguwa ruƙiyya, ba, kuma bai san ya yi kuskure mafi girma a rayuwarsa ba.

Malam ya iso ana dab da magariba. Tsoho ne siriri mai ɗan tari, ba ya ɗauke da komai sai gorar ruwa. Ya tarar da yarinyar kwance a tabarma a tsakar gida, daidai inda motar ta bar tabon mai. Numfashinta yana hawa yana sauka, yana tsayawa yana tashi, kamar motar da ke cikin cunkoson gari. Ya zauna daga gefen kanta, ya ce uwar ta riƙe mata hannu, ya fara karatu.

Karatun bai yi nisa ba jifan ya ɓarke a kan kwano, ya yi kamar zai rufta rufin, sannan ya yanke ɗif. Yarinyar ta tashi zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba. Idanun nata ne, amma mai kallon ba ita ba ce.

"Ya isa, dattijo. Kana ƙona ni, kuma ni ba kai nake nema ba."

Muryar ta tsohuwar mace ce, ta dushe kamar ta wadda ta daɗe tana kuka. Matar Kunne ta saki salati.

"Wace ce ke, baiwar Allah," in ji Malam, "kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Shi ne." Yatsan yarinyar ya miƙe ya nuna ubanta. "Mun daɗe a motar nan da ke ƙarƙashin bishiya. Ku kuka yar da ita. Ɗana ƙarami ne, yana son wuri mai naɗi, a cikin katantanwar nan yake barcin rana. Wannan ya zo ya toshe ta ta ko'ina, yana toshewa yana ambaton Sunan. Abin da aka rufe da Sunan ba na iya buɗe shi. Na biyo shi har nan, na ce in ya zare tsumman zan ciro ɗana. Yana zarewa yana sa bututu, da Sunan, hannunsa kamar walƙiya. Ƙofa ɗaya ya bar masa, ita kuwa ta wuta ce."

Kunne ya dubi hannuwansa. Ya tuna nauyin ƙarfen, ya tuna murmushin da ya yi. Ya tuna fiton nan da ya lumshe ido yana saurare.

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi ban sani ba."

"Na kira ka da jifa ba ka ji ba, kai da ake ce wa Kunne. To yadda nawa ke shaƙa, haka taka za ta shaƙa. In nawa ya daina, ita ma ta daina."

Ba ta rufe baki ba numfashin yarinyar ya canza. Ya daina hawa da sauka. Ya miƙe, yana hawa kawai, kuma daga maƙogwaronta siririn fiton nan ya fito, tar, kamar injin yana nan tsakar gidan. Babu wanda ya fi Kunne sanin ma'anar wannan. Mai motar ya bar gari, ya samu buɗaɗɗiyar hanya.

Ya ciro waya ya kira shi. Ta yi ta ringi. Aka ɗauka, iska da dariya suka cika layin.

"Kunne! Kai mugu ne! Motar nan tashi take son yi!"

"Yallaɓai, ka ɗaga ƙafarka. Don Allah ka ɗaga ƙafarka."

"Me? Ai yanzu na fara!"

Leɓen yarinyar ya soma yin baƙi. Kunne ya dubi wayar. Ya san mutumin. In ya ce masa aljani, dariya zai ƙara, ya ƙara wuta. Abu ɗaya ne kawai zai sa irin wannan ya tsaya, kuma abin ya fi masa ɗaci a baki fiye da komai a duniya. Shekarunsa nawa a wannan sana'a, ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

"Aikina ne ya ɓaci," ya ce. "Na yi kuskure a haɗin. Injin zai fashe da kai a ciki. Ka sauka gefen hanya yanzu."

Dariyar ta yanke. Zagi ya biyo baya, mai yawa, amma fiton da ke maƙogwaron yarinyar ya fara sauka.

"Ka ce ya kashe!" muryar da ke bakin yarinyar ta daka tsawa. "Ya kashe wutar yanzu!"

Kunne ya buɗe baki, sai ya tsaya. Ya rufe bakin wayar da hannu, ya durƙusa a gaban 'yarsa, a gaban abin da ke cikinta.

"Baiwar Allah, ki saurare ni. In ya kashe yanzu, man da ke sanyaya ƙarfen zai tsaya, zafin kuma ya taru a tsakiya, daidai inda ɗanki yake. A nan ne tarbo ke ƙonewa, ba a gudu ba. Sai an bar injin yana numfashi a hankali har ya huce."

"Ƙarya kake! Kana son ka ceci ƙarfenka!"

Wani noti ya tsaga iska ya yanke masa goshi. Jini ya gangaro masa ido, bai share ba.

"Ƙarfen ya mutu in ya ga dama," ya ce. "Numfashin 'yata yana hannunki. Zan yi miki ƙarya a kansa?"

Malam ya ɗora hannu a kan tabarma, ya ce a natse, "Ke uwa ce, shi uba ne. Abu ɗaya kuke roƙo. Ki ba shi wannan ɗan lokacin."

Sannan muryar ta ce, "In ya mutu, ka san sauran."

Kunne ya mayar da wayar kunne, ya ce wa matashin ya tsaya cak, kada ya taɓa totur, kada kuma ya taɓa makulli sai ya gaya masa. Suka zauna suna jira. Duhu yana sauka a tsakar gidan. Babu mai motsi. Ta cikin wayar ana jin injin can nesa yana gunaguni a hankali, a gabansu kuma ƙirjin yarinyar yana bin sa daidai da daidai. Kunne ya rufe ido, ya saurara yadda bai taɓa sauraren inji ba, har ya ji ƙarfen ya saki, farfelar ta yi laushi.

"Kashe," ya ce.

Layin ya yi tsit. Ƙirjin yarinyar ya tsaya. Uwarta ta ƙwalla ƙara. Sai ga wani dogon numfashi ya shiga, mai zurfi, na mutum.

"Yana kuka," in ji muryar, ita ma tana kukan. "Ina jin sa. Yana da rai."

Daga nan ciniki ya fara, domin aljani ba ya tashi haka nan. Aljanar ta ce za ta zauna a jikin yarinyar sai ta ga ɗanta. Malam ya ce ba za ta ƙara kwana a ciki ba. Ta ce to a ba ta hannun daman makaniken, wanda ya yi toshiyar. Malam ya ce hannun da ya rufe da sunan Allah bai yi laifi ba, kuma da shi za a buɗe, in ta ɗauke shi wa zai kwance mata notunan? Ta yi gurnani, ya ci gaba da karatu, ta ce ya tsaya. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa Kunne zai kwance katantanwar da kansa, ya mayar da ita ƙarƙashin bishiyar kafin rana ta sake faɗuwa, ya bar ta a buɗe. Malam ya sa ta rantse, ta rantse.

"Amma nawa zai tashi da tabo," ta ce. "Taka ma zan bar mata ɗan abin tunawa."

"Ba mu yi wannan da ke ba," in ji Malam, ya ɗaga murya da karatu.

Babban yatsan ƙafar yarinyar ya karkaɗa, ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin uwarta. Can ta buɗe ido ta ce, "Mama, me ya sami goshin Baba?"

Gari na wayewa Kunne yana gefen hanya, ƙarƙashin jif ɗin. Mai motar yana tsaye a kansa yana faɗa masa duk abin da ya zo bakinsa, shi kuwa yana ta kwance notuna. Da ya kwance bututun farko hannunsa ya kai ga tsumma da kansa, don sabo. Ya janye shi. Ya rungumi ƙarfen a buɗe, ƙura na shiga yadda ta ga dama, ya kai shi har gindin bishiyar, ya ajiye a cikin ciyawa. Ya yi sallama, ya ce, "Ga amanarku, ku yafe mini." Ciyawar ta kwanta ta tashi, ko da yake babu iska. Don ya tabbatar, ya ɗan ɗaga ƙarfen da hannu ɗaya. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Matashin ya baza labari a gari cewa Kunne ya kusa kashe shi da aikin banza. Manyan motoci suka daina zuwa garejin. Yanzu birki yake gyarawa da juyen mai, kuma bai taɓa buɗe baki ya wanke kansa ba. Yaran gareji suna yi masa dariya a ɓoye, domin duk tsohon ƙarfen da aka kawo, sai ya ƙwanƙwasa shi da sifana, ya yi sallama, ya ɗan jira, sannan ya toshe da bisimillarsa.

Jifa ya daina. Kyanwa ta dawo. Rediyo ma ta dawo tasharta, har tsohuwar takan ce a rage ƙara. Sai dai idan ta yi dariya sosai, a ƙarshen dariyar, lokacin da take jan numfashi, wani siririn fito yakan biyo baya. Ƙawayenta suna tsokanarta da shi, ita ma tana dariyar abin. Ubanta ne kaɗai ba ya dariya. Ko me yake riƙe da shi sai ya ajiye, ya rufe ido, ya saurara, ba ya motsi sai ya ji fiton ya sauka, ƙirjinta ya huce.